Kantin La Samaritaine na birnin Paris: tarihin gini da tarihin suna (1870-2021)

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bin diddigin wani babban kanti da ke tsakiyar birnin Paris, tun kafa shi a 1870 har zuwa sake buɗe shi a 2021, bayan ya yi shekara 16 a rufe. Mun duba asalin sunansa, da matakan gina shi, da dalilan durƙushewarsa, da yadda aka raba ginin ga sababbin ayyuka. Abin da muke son nunawa shi ne, a gyaran irin wannan gini, doka tana iya kare bango, kasuwanci yana iya kare suna, amma babu abin da ke kare dangantakar wurin da mutanen da aka gina shi dominsu.

1. Gabatarwa

Idan aka ce an ceto wani tsohon gini, akasari abin da ake nufi shi ne ba a rushe shi ba. Sai dai ginin kasuwanci ya ƙunshi abu uku a lokaci guda: akwai shi ginin, akwai sunan da jama'a suka san shi da shi, akwai kuma cinikin da ake yi a ciki tare da masu yinsa. Waɗannan ukun ba lalle ne su rayu tare ko su mutu tare ba. Mun zaɓi La Samaritaine ne don a tarihinsa ana ganin rabuwarsu a fili, kuma kowane mataki yana da shekararsa.

Game da kalmomi, abin da Faransawa ke kira « grand magasin » shi muka kira « babban kanti », wato kanti mai hawa da yawa wanda aka kasa shi sashe-sashe, kowane sashe da irin hajarsa, duka kuma mallakar kamfani ɗaya. Ya bambanta da kasuwa, inda kowace rumfa da mai ita. Za mu fara da sunan, tun da ya girmi kantin da fiye da shekara 250.

2. Asalin sunan

Kantin yana bakin kogin Seine, daidai inda gadar Pont-Neuf ta sauka a gaɓar dama. An fara gina gadar a 1578, aka gama a 1607, zamanin sarki Henri na IV. Ma'anar sunanta « sabuwar gada », alhali kuwa yau ita ce mafi tsufa cikin gadojin Paris. Bahaushe bai rasa irin wannan ba: Sabon Garin Kano ya haura shekara ɗari, ba wanda ya canza masa suna. Da zarar siffa ta zama sunan wuri, sai ta daina siffantawa, ta koma nuni kawai.

A jikin wannan gada aka kafa wani famfo a farkon ƙarni na 17, wanda ƙarfin kogin ke juya shi, yana ɗaga ruwa zuwa fadar Louvre da lambun Tuileries. Injiniyan da ya ƙera shi, Jean Lintlaër, mutumin Flandre ne. A fuskar ɗakin famfon an yi sassaƙen wani labari na Injilar Yohanna, sura ta 4, inda Annabi Isa ya roƙi wata Basamariya ruwan sha a rijiyar Yakubu. Dacewar a bayyane take: mace mai ba da ruwa a jikin na'urar ba da ruwa. Mutanen gari suka riƙa kiran famfon da sunan matar, wato « la Samaritaine ». An sake gina shi a farkon ƙarni na 18, aka rushe shi a 1813. Sunan bai bi shi ba; ya manne wa wannan kusurwa ta kogi, har wani gidan wanka da aka ɗaure bisa ruwa kusa da gadar ya ɗauke shi.

Ke nan kafin a kafa kantin, kalmar ta riga ta yi ƙaura sau biyu: daga mace zuwa famfo, daga famfo zuwa wuri. Akwai wata alama ta nahawu da ta rage daga mafarin. Kalmar « magasin » namiji ce a Faransanci, amma har yau « la » ake sa wa sunan kantin. Jinsin matar Samariya ne ya biyo sunan har cikin ƙarni na 21.

3. Daga laima zuwa babban kanti

An haifi Ernest Cognacq a 1839 a tsibirin Ré, yammacin Faransa. Ya yi yaron kanti, ya buɗe nasa ya karye, ya koma kasa yadi a kan gadar Pont-Neuf ƙarƙashin wata jar laima, kusa da inda famfon ya taɓa tsayawa. A 1870 ya kama hayar wani ɗan ɗaki a jikin wani gidan shan kofi da ke kusa da gadar, ya raɗa masa sunan da unguwar ta riga ta sani. Wannan ita ce ƙaura ta uku, kuma dabara ce ta ɗan kasuwa: mai ƙaramin jari ya ari suna wanda ba sai an yi masa talla ba. A 1872 ya auri Marie-Louise Jaÿ, ƴar ƙauyen Samoëns ta yankin Savoie, wadda ta yi aikin sayar da tufafi a kantin Bon Marché. Ita ta zo da ajiyarta da sanin aikin babban kanti. Su biyu suka riƙe kamfanin fiye da shekara hamsin.

Ba su ne suka ƙago wannan salon ciniki ba. Aristide Boucicaut ya soma shi a Bon Marché tun 1852, kantin Louvre ya buɗe a 1855, Printemps a 1865. Ƙa'idodin ɗaya ne: shiga kyauta ko ba za ka sayi kome ba; kuɗin kaya a rubuce, babu tayi babu albarka; riba kaɗan a kan kaya mai yawa; in kaya bai yi maka ba ka maido. Zamanin ma ya taimaka, don manyan hanyoyin da Haussmann ya fasa tsakanin 1853 da 1870, da jiragen ƙasa, sun riƙa kwararo jama'a tsakiyar birni.

Abin da ya bambanta La Samaritaine shi ne masu sayayyarsa. Bon Marché da Printemps sun fi karkata ga masu hali. Shi kuwa yana dab da Les Halles, babbar kasuwar abinci ta Paris, inda ƴan dako da mahauta da masu kayan lambu da ƙananan ma'aikata ke wuni. Su ya nufa, har da tsarin sayar musu da kaya bashi, a biya kaɗan-kaɗan. Bugu da ƙari, kowane sashe an bar wa shugabansa ya tafiyar da shi kamar kantin kansa, shi ke saro kaya, shi ke amsa tambaya in ciniki ya faɗi. Da riba ta taru, sai Cognacq ya riƙa sayen gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya yana fasa bangon da ke tsakani, har kantin ya kai gine-gine huɗu masu lamba 1 zuwa 4, tsakanin bakin kogi da titin Rivoli.

Ma'auratan ba su haihu ba. A 1916 suka kafa gidauniyar Cognacq-Jay, wadda ta ɗauki nauyin gidan haihuwa da gidan tsofaffi da gidajen kwana. Marie-Louise ta rasu a 1925, Ernest a 1928. Kayan fasahar ƙarni na 18 da suka tara ya bar wa birnin Paris, su ne tushen gidan tarihin da ke ɗauke da sunansu.

4. Ginin da salonsa biyu

Mai zanen ginin da Cognacq ya riƙe shi ne Frantz Jourdain, wanda aka haifa a Anvers a 1847. Abokin marubuci Émile Zola ne, shi ya ba shi bayanan gini lokacin da yake shirya littafinsa na 1883 a kan babban kanti, « Au Bonheur des Dames ». Kantin da ya taya Zola zanawa da alƙalami, shi ya zo ya gina da ƙarfe shekara ashirin bayan haka.

Tsakanin 1905 da 1910 aka tayar da kanti mai lamba 2. Jourdain ya bar ƙarfen ginin a fili, bai lulluɓe shi da dutse ba kamar yadda aka saba a tsakiyar Paris. Dalilin na ciniki ne kafin ya zama na ado: ginshiƙin ƙarfe siriri ne, yana barin fili ga haja, yana barin haske ya shiga. Aka yi rufin gilashi a sama, da babban matakala a tsakiya, har daɓen wasu hawa da tubalan gilashi aka yi shi don haske ya sauka ƙasa. A waje aka manna allunan dutsen aman wuta da aka gasa wa launi, masu zanen furanni da sunayen kayan da ake sayarwa. Wato bangon da kansa talla ne. Ƙarƙashin rufin gilashin akwai dogon zanen ɗawisu na ɗansa Francis Jourdain. Wannan salo shi ake kira Art nouveau.

Yayinsa bai daɗe ba. Masu faɗa a ji sun ga launukan sun yi yawa a wuri mai kallon kogi kusa da Louvre. Da kamfanin ya nemi faɗaɗa ginin zuwa bakin ruwa, hukumomin birni suka nemi a yi fuska mai natsuwa. Henri Sauvage, tare da Jourdain, ya gina wannan ɓangare tsakanin 1926 da 1928: ƙashinsa ƙarfe, fuskarsa dutse mai ruwan madara, layukansa miƙaƙƙu, salon Art déco ke nan. Daga baya aka shafe yawancin adon Jourdain da fenti. Abin lura a nan shi ne, adon da aka kashe maƙudan kuɗi wajen farfaɗo da shi a ƙarni na 21, shi ne wanda aka ji kunyarsa aka ɓoye a ƙarni na 20. A 1990 ne gwamnati ta sa kanti mai lamba 2 cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ke karewa.

5. Ganiya, koma baya da rufewa

A ganiyarsa La Samaritaine ya fi kowane kanti na Paris faɗin wurin ciniki, kimanin murabba'in mita 48,000. Kirarin tallarsa, « On trouve tout à la Samaritaine », wato babu abin da za ka nema ka rasa, ya shiga bakin jama'a har ya zama kamar karin magana, musamman ta finafinan talla na shekarun 1960 da 1970. Kuma ba ƙarya ba ne ƙwarai: daga ƙusa da fenti da tukwane har rigunan aiki da kayan makaranta da dabbobin gida, duka akwai. Mutanen Paris suka datse sunan ya koma « la Samar ». Faransancin titi ba ya datse sunan abin da yake baƙo gare shi. Kalmar da ke yawo a baki kullum ita ke gajarcewa, kamar « métro » da « ciné ». Don haka wannan gajeren suna shaida ce ta harshe a kan su wa ke shiga kantin.

Koma bayan ya faro daga sauyin birnin kansa. A 1963 kamfanin Carrefour ya buɗe katafaren kantinsa na farko a bayan gari, mai filin ajiye motoci, iyalai suka fara sayayya can. A 1969 aka kwashe kasuwar Les Halles aka mai da ita Rungis, kudu da Paris, dubban masu aiki da masu sayayya suka bar unguwar. Tsadar haya ta riƙa tura masu ƙaramin ƙarfi zuwa gefen birni. Kantuna masu sana'a ɗaya, na kayan lantarki ko na kayan ɗaki ko na wasanni, suka fi shi araha a kowane fanni. Kantin da ƙarfinsa shi ne yana da kome, sai ya zama bai fi kowa a kome ba. Maƙwabcinsa, kantin Louvre, ya rufe tun 1974.

A 2001 rukunin LVMH na Bernard Arnault, mai sana'ar kayan alatu, ya sayi mafi yawan hannun jarin kamfanin, ya ƙarasa sayen sauran a 2010. Ranar 15 ga Yuni 2005 aka rufe kantin, bisa hujjar cewa ginin bai cika sharuɗɗan kariya daga gobara ba. Hujjar tana da tushe, don ƙarfe tsirara da daɓen gilashi ba sa jure wuta. Amma ƙungiyoyin ƙwadago sun yi zargin cewa an fake da guzuma ne don a harbi karsana, wato a raba gini mai daraja da cinikin da ba ya kawo riba. Ko wace fassara aka ɗauka, ma'aikatan da suka fita a 2005 ba kantin da suka sani aka sake buɗewa ba.

6. Shari'a da sabon rabo

Shirin da LVMH ya gabatar ya buƙaci a gyara tsarin amfani da filaye na birni, don wurin na kasuwanci ne a doka. Majalisar birnin ta yarda, da sharaɗin a keɓe wani kaso ga gidajen haya masu rahusa da gidan renon yara. An ba kamfanin zanen gini na Japan, SANAA, na Kazuyo Sejima da Ryue Nishizawa, aikin ɓangaren titin Rivoli. Suka zana fuska ta gilashi mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa, wadda sai an rushe tsofaffin gidajen ƙarni na 19 kafin a kafa ta.

Nan rigima ta tashi. Ƙungiyoyin kare kayan tarihi biyu, SPPEF da SOS Paris, suka kai ƙara, masu suka suna kiran zanen « labulen wanka ». A watan Mayu 2014 kotun farko ta soke izinin ginin, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da sokewar a Janairu 2015, bisa cewa fuskar ba ta saje da sauran gidajen titin ba. A watan Yuni 2015 kotun ƙoli ta shari'ar gwamnati, Conseil d'État, ta warware hukuncin biyun, ta ce dokar birnin ta ba da damar sabon salo. Ya kamata mu lura da abin da aka yi shari'a a kansa: shekaru aka kwashe ana jayayya a kan kamannin bango. Batun su wa za su yi sayayya a ciki bai zo gaban alƙali ba, don babu dokar da ta tanade shi.

An so buɗewa a 2020, cikar kantin shekara 150, annobar korona ta hana. Shugaba Emmanuel Macron ya ziyarci wurin ranar 21 ga Yuni 2021, aka buɗe wa jama'a ranar 23. Aikin ya ci Yuro miliyan 750, kusan miliyar 492 na kuɗin sefa. Ga yadda aka raba ginin: murabba'in mita 20,000 na ciniki, 15,000 na ofisoshi, gidajen haya masu rahusa 96, gidan renon yara mai ɗaukar 80, sai otel ɗin Cheval Blanc mai ɗaki 72, wanda ya buɗe a Satumba 2021 cikin ginin Sauvage mai kallon kogi. A lokacin buɗewa, reshen LVMH mai suna DFS, wanda ya ƙware wajen sayar wa matafiya kaya, shi aka damƙa wa kantin. Hajar kuwa turare ne da kayan kwalliya da agogo da tufafin manyan kamfanoni. Ba a yi sati biyu ba, ƴan ƙungiyar Attac suka fesa wa fuskar ginin baƙin fenti don nuna adawa da dukiyar da attajirai suka tara lokacin annoba.

7. Me aka adana?

Ta fuskar gini, adalci ne a ce an yi aiki mai kyau. An kankare fenti, allunan furanni sun fito, an gyara matakala da rufin gilashi da zanen ɗawisu. Mai shiga yau yana ganin aikin Jourdain fiye da yadda mai shiga a 1980 ya gan shi. Gidaje 96 a unguwar da talaka ba ya iya kama haya su ma ba abin rainawa ba ne, kuma sharaɗin hukuma ne ya samar da su, abin da ke nuna cewa birni yana da abin ciniki a hannunsa duk lokacin da mai gini ke neman izini.

Ta fuskar aiki kuwa, an juya wurin. Filin ciniki bai kai rabin na ganiyarsa ba. Saman ginin bakin kogi, inda dā kowa ke iya hawa ya kalli Paris, ya shiga cikin otel. Mai neman ƙusa ko tukunya sai ya nufi wani wuri.

Ta fuskar suna, an yi ƙaura ta huɗu. Kalmar da ta tashi daga mace zuwa famfo, zuwa wuri, zuwa kanti, yanzu ta zama tambarin kasuwanci, kadara ce da ake saye da sayarwa tare da bango. A ƙaura ukun farko, abin da sunan ke nunawa ne ya canza, jama'ar da ke furta shi suna nan. A ta huɗu, abin da ake nunawa yana nan inda yake, har ya fi dā kyau, masu furtawar ne aka sauya. Darajar tambarin kuwa daga ina ta fito? Daga shekaru 135 na cinikin masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda suka sa sunan ya zama abin ƙauna. Tsohon kirarin ma ya rage a bakin tsofaffi, ga shi kantin da ake yi wa shi ya daina cika alkawarinsa.

8. Kammalawa

Mun ga cewa abubuwa ukun da muka ambata a gabatarwa sun bi hanya daban-daban. Ginin ya samu kariyar doka tun 1990, sunan ya samu kariyar masu jari don yana kawo kuɗi, cinikin jama'a kuwa ya fara mutuwa tun da aka tashi kasuwar Les Halles a 1969, rufewar 2005 ta ƙarasa shi. Ba mu ce da an bar kantin yadda yake zai rayu ba. Dalilan da muka jera a sashe na 5 sun fi ƙarfin kowane mai gini. Abin da muke cewa shi ne kalmar « adanawa » tana rufe wannan bambanci, kuma aikin mai bincike ne ya buɗe shi.

Ga ɗaliban da ke nazarin sunayen wurare, wannan misali yana ba da hanyar aiki. A tambayi yaushe aka raɗa sunan, me yake nunawa a kowane zamani, su wa ke furta shi, da wace siga, cikakkiya ko datsattsiya. A haɗa amsoshin da shekarun gini da na saye da sayarwa da na shari'a. Bincike na gaba da ya dace a yi a kan La Samaritaine shi ne na baki: a gano ko matasan Paris da suka tashi bayan 2005 suna cewa « la Samar », ko kuwa gajeren sunan ya tsaya ga waɗanda suka yi sayayya a tsohon kantin.